Daga Sharaɗa zuwa Falgore: Dajin da Ba a Bari Ya Yi Toho

Duk wanda ya saba ratsa titunan cikin Sharaɗa ko Bompai ya san manyan ƙyamaren nan na ƙarfe da tsatsa ta ci, waɗanda aka garƙame da sarƙa da kwaɗo tun lokacin da masaƙu da sauran masana'antu suka fara durƙushewa. Injuna sun yi tsit, ma'aikata sun kama gabansu, sai maigadi da tabarmarsa da 'yar rediyonsa. To amma idan mutum ya samu kafa ya leƙa irin wannan haraba a ƙarshen damina, zai tarar wurin ba kango ba ne yadda ake zato. Tumfafiya ta keto ta tsagar siminti. Magarya ta yi cunkus a gindin katanga, bagaruwa ta wuce tsayin mutum a inda ruwan indararo yake zuba, ga 'ya'yan darbejiya da jemagu suka yar sun tsiro birjik. Ƙarƙashin wannan duhuwa akwai masu gida: bushiya, gafiya, kurege, wani sa'in har damo, ga kurciyoyi sun yi sheƙa can cikin ƙaya inda mage ba ta iya kutsawa. Babu wanda ya shuka, babu wanda ya yi ban-ruwa. Katanga ce kurum ta tsare akuya da gatari da wuta na 'yan shekaru.

Irin wannan matashin kurmi, wanda ya wuce ciyawa amma bai kai a kira shi daji ba, shi ne hukumomin gandun daji a wasu ƙasashe suke ware kuɗi domin su samar da shi da gangan a dazuzzukan gwamnati. Mu kuwa a jihar Kano yana fitowa da kansa kowace shekara, sai dai ba ya kai labari.

A arewa maso gabashin Amurka tsufa ne ya dami dajinsu. Gonakin da manoma suka bari tun ƙarni na 19 sun koma daji, itatuwan suka tashi kusan sa'annin juna, rassa suka haɗe a sama, inuwa ta kashe duk wani ƙaramin tsiro a ƙasa. Ga daji kore shar, amma zomaye da tsuntsayen da suke ci su kwana a sarƙaƙiya suna ta raguwa. Shi ya sa a 2015 hukumar kare muhalli ta jihar New York ta fito da shirin mayar da kashi 10 cikin 100 na dazuzzukan da ke filayenta na namun daji zuwa sabon toho, wato a sare wasu yankuna a bar su su sake tashi. Labarin da ya fi fitowa fili shi ne na jihar Michigan, na wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji da ake kira Kirtland. Shi ba ya sheƙa sai a ƙasa, a gindin wani irin icce mai siraran ganye, kuma sai iccen yana tsakanin shekara 5 zuwa 20. Da zarar ya haura haka, rassansa na ƙasa suka bushe, sai tsuntsun ya ƙaura. A da gobarar daji ce take share tsofaffin itatuwan, sababbi su fito. Da aka ƙware wajen kashe gobara sai mazauninsa ya ƙare, har aka ƙirga mazan da suke kuka a 1974 aka samu 167 kacal, aka sake samun wannan adadin a 1987. Ma'aikatan daji suka duƙufa ga sara da dashe bi da bi, yanki bayan yanki, yadda kowace shekara akwai filin da itatuwansa suke kan shekarun da tsuntsun yake so, suka kuma rage wani tsuntsu mai zuba masa ƙwai a sheƙa. A 2019 aka cire shi daga jerin halittun da ke gab da ƙarewa, lokacin ma'auratansa sun haura 2,000.

Bakanon da ya ji wannan zai ce ai ciwonsu daban, namu daban. Mu da motocin gawayi suke shigo mana dare da rana, wa zai zo ya koya mana sara? Gaskiyarsa. Sai dai a tsarin Michigan sara rabin aikin ne, kuma rabin mai sauƙi. Ɗaya rabin shi ne abin da ake yi wa filin bayan gatari ya fita: a rubuta ranar da aka shiga da ranar da aka fita, a rufe shi har ya tashi, sannan a matsa gaba. Mu mun riƙe rabin farko gam, mun yar da na biyu.

A duba Falgore. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a 1948 da sunan gandun dajin Kogin Kano, a 1969 kuma, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka mayar da shi wurin adana namun daji. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 920, ya taɓa ƙananan hukumomin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, kusan kilomita 150 kudu da birni, hanyar Kano zuwa Jos ta bi ta cikinsa. Dajin doka ne, da maje da marke da madobiya da taura, ga kurmi mai duhu a bakin rafuka. Tsofaffin mafarauta sun san shi da gwanki da ɓauna da kanki da gwambaza. Yau abin da matafiyi ya fi hanga daga mota garken shanu ne, sai birai in an taki sa'a. A 'yan shekarun nan sunan dajin ya fi fitowa a labaran ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. Sojoji sun kafa wurin atisaye a ciki, Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya gayyaci makiyaya su zo su zauna a 2018, a ƙarshen 2020 kuma gwamnatin tarayya ta sanar da shi cikin sababbin gandun namun daji na ƙasa guda goma. Kowane mataki da hujjarsa. Amma duk maganar tsaro ce da ta wa zai riƙe dajin. Tambayar malamin daji tana nan a ajiye: wane yanki za a sara bana, wanne zai huta, kuma hutun shekara nawa?

Halin itatuwan ƙasarmu ne ya ba tambayar nauyi. Doka, sabara, kalgo, geza, taramniya, duk in an sare su ba su mutu ba. Saiwarsu ta yi nisa a ƙasa, ta tara abinci, tun kafin ruwan farko ya sauka kututturen yake fitar da toho goma ko ashirin. A damina guda tohon sabara yakan kai ƙugun mutum. Shekara uku ko huɗu in ba a taɓa ba, wurin ya zama duhuwar da sai an sunkuya ake shiga. Nan ne gidan gada da mazo, waɗanda ganye da 'ya'yan itace suka fi ci, kuma ba su da wata kariya da ta wuce ɓuya. Zabon daji da fakara a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawar gindin sarƙaƙiya. Gwanki shi fili yake so mai doguwar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, a nan uwar take ɓoye ɗanta makonnin farko. Burtu da cilakowa da mujiya da ƙudan zuma kuwa sai tsohon icce mai kogo. Ke nan dajin da zai riƙe namun dawa dole ya haɗa tsoho da matashi da sabon toho da sarari, kusa da juna, yadda dabba za ta ci a nan ta kwana a can.

Ga yadda abin yake tafiya a zahiri. An sare a watan Janairu. Toho ya fito da bazara, daidai lokacin da babu wani ɗanyen ganye a ko'ina, shanu da awaki suka lamushe. Abin da ya tsira ya sha damina ya miƙe, sai wutar Fabrairu ko Maris, ta masu farautar gafiya ko masu neman sabuwar ciyawa, ta bi ta kansa. In aka jera shekaru haka, abincin da saiwa ta tara ya ƙare, kututturen ya mutu. Sai mai garma ya zo ya ce ai wurin fili ne, ba daji ba, kuma in aka duba ba ƙarya ya yi ba.

Batun wutar nan ba jiya aka gano shi ba. A gandun dajin Olokemeji da ke ƙasar Yarbawa tun 1929, da Kokondekro kusa da Buwake a Kwaddibuwa inda Bafaranshe André Aubréville ya fara a 1936, an yanki filaye uku-uku: ɗaya a hana shi wuta sam, ɗaya a ƙona shi a farkon rani, ɗaya a ƙona shi da rani ya yi nisa. Bayan shekaru masu yawa, wanda aka hana wuta ya zama rufaffen kurmi, na ƙunar wuri ya riƙe itatuwansa, na ƙunar baya kuwa ya koma kusan ciyawa zalla. Malaman daji na zamanin En'e da wannan suke aiki. Da kaka ta kama, ciyawa da sauran danshi, sai a bi iyakar gandu a share layi, a cinna wuta da yamma. Tana tafiya a hankali, ta ci nan ta tsallake can, raɓar dare ta kashe ta, ƙananan dabbobi su samu inda za su fake, wutar Maris kuma in ta zo ta tarar babu abin ci. Kayan aikin ashana ce da adda da mutane da man babur. Abin da ya fi komai tsada a ciki shi ne lokaci, domin kuɗin da aka saki a watan Maris ba ya ƙona ciyawar Nuwamba.

Mai kamfani a Challawa zai iya cewa ina ruwansa da gada da fakara. Ruwansa kuwa a can yake. Kogin Kano ta cikin Falgore yake ratsowa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Daga Tiga ruwan yake gangarowa ya shayar da gonakin Kadawa da Kura, ya haɗu da kogin Challawa a wajajen Tamburawa, inda birni yake ɗiba ya tace. Tudun da aka tsiraita a Doguwa, ƙasarsa a gindin dam take ƙarewa, kuma masana'antar jima da ta lemo da ta sarrafa shinkafa babu wadda take motsi ba ruwa. Sai maganar makamashi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga tsadar gas da kananzir, gidaje da yawa a unguwannin ma'aikata irin su Sheka da Ja'en da Panshekara da Dakata sun koma kurfotin gawayi. Gidajen burodi da masu turara shinkafa da 'yan tsire dama can itace suke ci, wasu masana'antun ma tukunyar tururinsu da ɓuntun shinkafa ko itace take aiki. Mai gawayi kuwa kirya ya fi so, saboda garwashinta yana daɗewa, ita kuma ba ta girma da sauri. Madobiya ta sha nata rabon a hannun masu fitar da katako zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017.

Akwai wani bincike da ya kamata kowane kwamishinan muhalli ya sa a karanta masa. A 1990 wasu masana da suka yi aiki a Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole, suka fitar da littafi a kan itacen girki a Kano. A lokacin ra'ayin da ya yi tashe shi ne birni zai cinye duk itatuwan da ke kewaye da shi, hamada ta biyo baya. Da suka auna sai suka tarar gonakin karkarar Kano, duk cunkoson jama'arsu, ba su rasa itatuwansu ba. Manomi yana sassaƙe reshe ya bar gindi, yana renon wanda ya tsiro. Itacen da birni yake ƙonawa daga nesa ake kawo shi, daga dazuzzukan da ba na kowa ba. Ɗorawar da ke gonar Malam tana da ubangida, dokar da ke gandun gwamnati sai wanda ya riga isa.

Maƙwabtanmu na Nijar sun kama wannan zaren tun tuni, kuma talauci da fari sun fi matsa musu. A farkon shekarun 1980, a dajin gwamnati na Gesalbodi kusa da Yamai, aka gwada raba daji kashi goma: a sare kashi ɗaya a shekara, a hana kiwo a cikinsa na wasu shekaru, mutanen ƙauyukan kewaye su yanki ciyawar su sayar, itacen kuma ya bi ta hannun ƙungiyarsu. Dabara ce irin ta manomin da yake barin gona saura ta huta kafin ya dawo mata. Aka kai tsarin dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi, a 1992 kuma doka ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ƙauye yake da yankinsa da adadin da aka yarda ya sara a shekara, wani kaso na harajin ya zauna a ƙauyen. Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Inda kuɗin masu tallafi ya ƙare sa ido ya yi sanyi, wasu kasuwannin suka zarce adadinsu. Duk da haka an nuna a aikace cewa mai gatari zai iya zama mai gadi in ya san badi ma nasa ne. A gonaki kuwa, a Maraɗin nan dai, wani Ba'ostareliye mai suna Tony Rinaudo ya lura a 1983 cewa 'yan tsiron da manoma suke sassabewa kowace bazara tohon tsofaffin kututtura ne masu rai. Aka fara barin biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, abin da manoman can suke kira sassaben zamani. Hotunan sama sun nuna daga baya cewa kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa, galibi ba tare da dashe ba.

Mu a nan idan aka ce daji, abin da ke zuwa zuciya shi ne ranar bikin dashe: rumfa, kujeru, babban baƙo da sabon cebur, ɗan tsiro cikin baƙar leda. Ba raina dashe ake yi ba. Layukan darbejiya da turare da aka kafa a wajajen Dambatta sun tare iska, sun rage wa gonaki rairayi. Akwai hukumar Babbar Katangar Itatuwa da doka ta kafa a 2015, ga shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021. Sai dai inuwa daban, mazaunin dabbobi daban. Wasu masana daga Holan, ƙarƙashin Leo Zwarts, sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye icce bayan icce daga Sanagal har Habasha. Sun tarar tsuntsayen da suke ƙaura daga Turai a itatuwan ƙaya suke taruwa, irin su gawo da aduwa da dushe da dakwara, darbejiya da turare kuwa kusan wayam. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙin itatuwan nan ƙwarinmu ba sa cin ganyensu sosai, inda babu ƙwari kuma tsuntsu ba ya zama. Gawo shi da rani yake ganye da fure, daidai lokacin da baƙin tsuntsayen suke nan. Kuma abin ya shafi har waɗanda ba su taɓa jin sunan Kano ba: bayan farin da ya fara a yankinmu a 1968, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da yake hayayyafa a Birtaniya ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 a shekara guda.

A cikin birni ma akwai inda za a fara. Ruwan da ke fita daga Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya gangara Challawa, na Bompai kuma ya bi Getsi ya shiga Jakara, ya ƙare a madatsar Wasai. Kowa ya san launinsa da warinsa, musamman inda majemun zamani masu aiki da sinadarin kuromiyam suke zubarwa, ga masu lambu suna ban-ruwa da shi. Kada wani ya yaudari kansa, icce ba ya maye gurbin matatar ruwan masana'anta. Amma gaɓar da aka bar wa bagaruwa da geza da farar ƙaya ba ta zaizayewa, tana tare shara, tana ba tunku da guza da tsuntsaye hanyar wucewa. Bagaruwa kuma tana da kasuwa a gida: da 'ya'yanta majeman cikin birni suke jima tun kafin a san Bompai, da ita aka gyara jar fatar da fatake suka riƙa ƙetare sahara da ita, Turawa suna kiranta fatar Maroko. Abin da ke cin gaɓar yanzu awon igiya ne, fuloti har bakin ruwa. Gidan Zoo na Audu Baƙo, maƙwabcin Sharaɗa, yana cikin manyan dunƙulen itatuwan da suka rage a birni, kuma tsuntsaye da jemagun da ke zaune a cikinsa don kansu sun fi na cikin keji yawa. Duk sanda aka tayar da zancen mayar da shi Tiga, ya kamata a fara tambayar me za a yi da filin.

Haɗarin tsarin sara bi da bi a fili yake, kuma ko a Amurka masu rajin kare muhalli suna ƙorafin cewa wasu na fakewa da tsuntsaye su ci kasuwar katako. A nan kuwa, ranar da aka ce an halatta sara domin namun daji, washegari masu injin yanka za su cika Falgore kowa da takardarsa mai hatimi. Don haka a wajenmu jerin aikin juyawa zai yi: rufewa tukuna, sara daga baya. Wuraren da aka riga aka yi wa kaca-kaca sun isa a fara da su, ba sai an taɓa tsohon icce ko ɗaya ba, kurmin bakin rafi kuma a haramta shi har abada. Taswirar yankunan a manna ta a ƙofar dagaci, kowa ya san lamba kaza a rufe take sai shekara kaza. Makiyayi kuma ba a rufe masa wuri a bar shi da sanda a hannu. Sai an zauna da arɗo an fitar da burtali da mashaya, an ba shi haƙƙin yankan ciyawar yankin da aka rufe, an sa sarkin baka da mutanensa cikin masu gadi da albashi, tunda su ne suka san sawun kowace dabba da na kowane mutum.

Kuɗin wannan aiki ba sai an jira Abuja ko Bankin Duniya ba. Masu gawayi dubbai ne, a warwatse cikin daji, ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Manyan masu saye kuwa ƙididdigaggu ne, suna da rajista da adireshi a Sharaɗa da Challawa da Bompai, gidajen burodi suna da ƙungiya, dillalan itace da gawayi suna da shugabanni. Ma'aikatar muhalli za ta iya sharɗanta cewa duk motar itacen da za ta sauke kaya a ƙofar masana'anta ta zo da takardar da ta nuna lambar yankin da aka saro shi, wani kaso na kuɗin kuma ya koma ƙauyen da ke gadin yankin, a biya masu share layin wuta kafin watan Nuwamba ya fita.